Tsakanin Sali da Parwana: duba a kan 'yan matan kartun

 

Kusan duk wanda ya tashi a Gadarif cikin shekaru ashirin da suka wuce ya san Sali. Iyayen da ke kawo mana yara halwa a yau, da yawansu a gaban Spacetoon suka girma, tashar da ta fara aiki a 2000 ta kuma ware wa 'yan mata sashensu mai suna Zumurruda. Don haka idan ana maganar mace a kartun, ba baƙon abu ake yi wa mutanenmu ba. Abin da ya ragu shi ne a zauna a auna: wace irin yarinya ce ake ɗora wa 'ya'yanmu a matsayin abin koyi, kuma me take yi idan duniya ta juya mata baya?

Mutanen Japan ne suka zana Sali a 1985, kashi 46, daga littafin wata Baturiya, Frances Hodgson Burnett, wanda ya fito a 1905. 'Yar attajiri ce da aka kawo daga Indiya zuwa makarantar kwana a Landan. Ubanta ya mutu, aka ce dukiya ta ƙare, sai shugabar makarantar ta mayar da ita baiwar gida, tana kwana a ɗakin saman rufi cikin sanyi. Ba ta rama zagi, ba ta ƙarya, ko tana jin yunwa takan ba wanda ya fi ta yunwa. Wannan hali ne mai kyau, ba mai musu. Amma ku lura da yadda aka warware labarin. Sali ba ta fitar da kanta daga ƙangi ba, ba ta kai ƙara ba, ba wanda ya tsaya ya ƙwato mata haƙƙi don zalunci zalunci ne. Abokin ubanta ne ya gano ta, aka tarar ma'adinan lu'ulu'un nan ashe ba su mutu ba, ta koma mai kuɗi fiye da da. To, Fiki fa, yarinyar aikin da ke kwana kusa da ita, wadda ta riga ta shan wannan wahalar tun kafin Sali ta faɗi? Ita ba ta da gadon lu'ulu'u. Iyakar sa'arta ita ce ta bi Sali ta ci gaba da yi mata hidima. Hawayen da muka zubar duk na 'yar mai kuɗin da ta talauce ne, wadda aka haifa cikin talauci kuwa an ɗauka can ne mazauninta. Yarinyar da ubanta ke aikin yankan riɗi a gonar wani, idan ta kalli wannan, a wace daga cikin biyun za ta ga kanta?

Yasmin ta fim ɗin Aladdin, wanda Disney ya fitar a 1992, ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Sun ba ta baki, tana ƙin a aurar da ita ga wanda ba ta so, kuma wannan haƙƙi ne da shari'a ta san da zamansa. Sai dai sun tufatar da ita da kayan 'yan rawa a cikin garin da ake kiran sarkinsa sultan, labarin kuma ba nata ba ne, na saurayin ne. Ita lada ce da ake ba shi a ƙarshe.

Wanda nake so mu tsaya a kansa shi ne The Breadwinner, wato mai ciyar da gida. Wata mata 'yar ƙasar Ailan, Nora Twomey, ta shirya shi a kamfanin Cartoon Saloon, ya fito a 2017, an ɗauko shi daga littafin Deborah Ellis 'yar Kanada. Da Turanci yake, akan same shi da rubutun Larabci a ƙasa. Labarin a Kabul ne, a 2001, ƙarshen mulkin Taliban na farko. Parwana shekararta 11. Ubanta Nurullahi malamin makaranta ne da ya rasa ƙafa a yaƙi, yanzu yana zama a kasuwa yana karanta wa mutane wasiƙa yana rubuta musu. Wani tsohon ɗalibinsa, Idris, wanda ya shiga Taliban, ya sa aka kama shi aka kai kurkukun Pul-e-Charkhi. Gida ya rage uwa, da yayarta Suraya, da ƙaramin yaro da bai iya komai ba. Mace ba ta fita ba namiji, ɗan kasuwa yana tsoron ya sayar mata. Abinci ya ƙare. Sai Parwana ta aske gashinta, ta sa tufafin wanta Sulaiman da ya rasu, ta fita a matsayin yaro.

Na san abin da ɗaliban fiƙihu za su fara tayarwa, domin hadisin da ya hana mace kamanceceniya da namiji sananne ne, yana cikin Bukhari. Amma hukunci yana tafiya da illarsa. Yarinyar nan ba ado ta je yi ba, ba kuma ƙyamar halittarta take yi ba. Gida ne na mutum huɗu ba ƙwayar shinkafa, an toshe musu kowace ƙofa ta halal. Wannan babin larura ne, laifin kuma yana wuyan wanda ya toshe ƙofar. Fim ɗin ma ya gane haka: ranar da ta fara dawowa da abinci, murnar da ke fuskarta ta yaron da ya kawo wa uwarsa abin dafawa ce.

Wurin da ya fi kama ni shi ne na Razak. Shi ma ɗan Taliban ne, ƙato, amma bai iya karatu ba. Ya kawo wasiƙa ya ce yaron nan ya karanta masa, ashe sanarwar mutuwar matarsa ce, nakiya ta tashi da ita. Ya zauna shiru. Daga baya ya riƙa dawowa, Parwana tana koya masa rubuta sunan matar, Hala. Ɗalibaina na Larabci sun san kalmar, ita ce kewayen hasken nan da ke zagaye wata. Mutumin da ƙungiyarsa ta rufe makarantun 'yan mata, ga shi a tsugune yana koyon harafi a hannun yarinya bai sani ba. Masu fim ɗin ba su yi dogon bayani a kai ba, kuma gara da ba su yi ba. Razak ɗin nan ne a ƙarshe ya sa ransa cikin haɗari ya fito mata da ubanta daga kurkuku, lokacin da jiragen yaƙi suka fara shawagi a sama.

Uwar ma, Fatima, ba a bar ta a matsayin mai kuka kawai ba. An doke ta a hanyar kurkuku, ta kwanta kwanaki ba ta magana, amma da wani ɗan'uwansu ya zo ya kwashe su da ƙarfi zuwa Mazar-i-Sharif ba tare da Parwana ba, ta tsaya masa a tsakiyar hanya har ya tafi ya bar su.

Inda na saɓa da fim ɗin babba ne. Duk mai ɗaga murya da sunan addini a cikinsa, mai bulala ne. Ba a kawo malami ɗaya, ko tsohuwa ɗaya mai ilimi, da za ta amsa wa Idris da hujja daga cikin addinin da yake fakewa da shi ba. Nurullahi yana kare 'yarsa da tarihi da tatsuniya, tatsuniyar Sarkin Giwaye kuwa an zana ta da kyau ƙwarai, kamar an yanka takardu masu launi an jera. Amma mai kallo a Turai zai tashi da zaton cewa zaɓi biyu ne rak: ko addini da kulle, ko ilimi ba addini. Alhali hujjar tana nan a fili. Suratul Ƙasas ta ba mu labarin mata biyu a rijiyar Madyana da suka fito shayar da dabbobi saboda ubansu ya tsufa, ba a zarge su ba, Annabi Musa taimakonsu ya yi. Asma'u 'yar Abubakar ita ta riƙa kai guzuri lokacin hijira. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Nurul Albab, ya caccaki malaman da ke koyar da ɗaliban waje suna barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, jajis suna yawo ƙauyuka suna karantar da mata. A nan Sudan, Shehu Babikir Badri, wanda ya yi yaƙi a rundunar Mahadi, shi ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907. Rabiha 'yar Kinana kuwa da ƙafa ta tafi a 1881 ta sanar da Mahadi cewa rundunar Rashid Bey na tafe. Ko mutum ɗaya mai irin wannan magana aka sa a kasuwar Kabul ɗin, da fim ɗin ya fi gaskiya.

Dalilin da ya sa maganar ba ta nishaɗi ba ce a wurinmu, kowa ya san shi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, musamman bayan abin da ya sami Wad Madani a Disambar shekarar da Sinja a tsakiyar 2024, garin nan ya karɓi gidaje masu yawa da ba uba a cikinsu, har makarantu suka zama masauki. Yarinyar da ke taya uwarta sayar da shayi a bakin kasuwa, ko take tallan gyaɗa a tashar mota, halin Parwana take ciki, ba na Sali ba, kuma ba attajirin da zai leƙo ta taga da takardar gado. Bambancin kawai, tamu ba ta buƙatar aske kai kafin a sayar mata da dawa. Abin da take rasawa shi ne abin da Parwana ta riga ta samu a wurin ubanta kafin a kama shi, wato karatu da rubutu, wanda da shi ta ci abinci a kasuwa, da shi kuma ta sami Razak.

Ga iyaye masu tambaya ko a bar yara su kalla: akwai duka a ciki, akwai harbi, akwai labarin yadda Sulaiman ya tsinci abin da ya zaci kayan wasa ne ya fashe a hannunsa. Yaron da ya fito daga Hartum ko Jazira da ƙarar bindiga a kunnensa, kada a miƙa masa waya a bar shi da wannan shi kaɗai. 'Yan sama da shekara 12 za su iya, babba yana zaune kusa, a tsayar da fim ɗin a wurin kama Nurullahi a tambaye su da wace hujja za su amsa wa Idris.