Gyaran Waƙar Ɗan Koyo: Matsalar Ma'auni da Karin Harshen Kabi

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba irin gyaran da ake yi wa rubutattun waƙoƙin matasa na Birnin Kebbi da Argungu, musamman idan waƙar ta faɗa hannun mai sharhi wanda ba ɗan wannan yanki ba ne. Ba sabon abu ba ne mawaƙi ya tanka wa ɗan'uwansa. Isa ɗan Shehu ya yi tahamisin Tabbat Haƙiƙa, Mudi Sipikin kuwa ya mayar wa Sa'adu Zungur martani da Arewa Jumhuriya Kawai. A shekarun 1970 'yan ƙungiyar Hikima ta Kano sun riƙa rera waƙoƙinsu a rediyo, wato kunne ne ke yanke hukunci. Yau kuwa matashin da ke Badariya yakan aika waƙarsa ta waya, a karanta ta da ido.

A nan matsalar take. Kamar yadda M.K.M. Galadanci ya nuna a 1975, ma'aunin rubutacciyar waƙar Hausa ya dogara ne a kan jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, bisa tsarin arulin Larabci. To, rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, saɓanin ajami wanda yakan nuna shi da alif da wawu da ya. Saboda haka mai karatu da ido ba ya ganin ma'auni, sai amsa-amo da ƙa'idojin rubutu. Abin da ya gani kuwa shi yake gyarawa.

Mu ɗauki misali. Bakabe yakan ce "shi yat tahi", inda daidaitacciyar Hausa ke cewa "shi ya tafi". Gaɓar "yat" rufaffiya ce, mai nauyi, ita kuwa "ya" a wannan muhalli ba ta da nauyi. Haka nan "wanga" gaɓa mai nauyi ce da marar nauyi, amma "wannan" duka biyun masu nauyi ne. Ke nan duk wanda ya mayar da waɗannan kalmomi zuwa Hausar makaranta, da niyyar taimako, ya karya ɗangon da yake lafiya lau. Abin takaici shi ne ɗan koyo yakan karɓi gyaran da godiya, domin an riga an cusa masa cewa harshen gidansu kuskure ne. A ƙasar da ta haifi Wazirin Gwandu Umaru Nasarawa, wannan ba ƙaramar hasara ba ce.

Akwai kuma masu cewa "Allah ya ƙara basira" su wuce. Addu'a ce mai kyau, amma ba ta nuna wa yaro inda ƙafarsa ta zame ba.

A ganinmu, bai kamata mai sharhi ya taɓa ɗango ba sai ya ji marubucin ya rera shi da bakinsa, abin da saƙon murya ya sauƙaƙa ƙwarai. In ma'auni ya karye, ya ambaci baitin da gaɓar da ta jawo karayar, ya bar wa mai waƙa zaɓen kalmar da za ta maye gurbi. Shi ma ɗan koyo yana da haƙƙin ya tambayi mai gyara ko da wane karin harshe ya auna waƙar.