DANDALI DA IZINI A NAZARIN WAƘAR BAKA: MAKAƊAN DARE A ƘASAR JEGA DA KEWAYENTA

1.0 Gabatarwa

Manazarta waƙar baka ta Hausa sun saba kasa makaɗa ta hanyoyi biyu, watau ta la'akari da wanda ake yi wa waƙa, ko kuma ta la'akari da abin kiɗan da makaɗi yake amfani da shi. Ta haka ne muka sami makaɗan fada da makaɗan jama'a da makaɗan sana'a da makaɗan maza, muka kuma sami masu taushi da masu kotso da masu kalangu da masu kukuma. Wannan rabe-rabe ya yi mana amfani ƙwarai, kuma ayyukan malamai irin su Ɗandatti Abdulƙadir da Sa'idu Muhammad Gusau sun kafa shi daram. To amma akwai tambayoyi biyu da ba mu cika yi ba: a ina aka rera waƙar, kuma wane ne ya ba da izinin a taru a wurin?

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa dandalin dare, musamman gidan shaƙatawa mai lasin sayar da giya, ya yi tasiri a kan tsari da jigo da salon wani babban rukuni na waƙoƙinmu, ta yadda duk tarken da ya yi watsi da dandalin zai iya yi wa waƙar hukuncin da ba nata ba. Za mu ɗauki misalanmu daga yankin Jega da Aliero da Maiyama da ƙananan garuruwansa irin su Katanga, sa'an nan mu leƙa sauran ƙasar Hausa inda hali ya yi.

2.0 Izinin Kiɗa Kafin Zuwan Lasin

Wannan yanki yana cikin masarautar Gwandu, wadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya kafa. An san Malam Abdullahi da tsanani a kan kayan kaɗe-kaɗe, har ya lissafa shagala da su cikin abubuwan da suka ɓata masa rai game da wasu mutanen zamaninsa. Shehu Usmanu kuwa, a littattafansa na baya-baya kamar Najmul Ikhwan, ya sassauta, ya nuna cewa malamai sun yi saɓani a kan al'amarin. Ke nan tun daga farkon ƙarni na 19 kiɗa a wannan ƙasa abu ne da hukuma take sa wa ido, kuma muhawara a kansa ta girmi zuwan Turawa.

Duk da haka kiɗa bai mutu ba. Jega gari ne na kasuwa tun kafuwarta, fatake suna sauka daga Gwanja da ƙasar Nufe da Yarbawa, kuma duk inda baƙi suka kwana da kuɗi a aljihu, makaɗi zai same su. Abin da aka yi shi ne aka sa wa wasa ƙa'ida. Mai son tara jama'a, ko don dambe ko don kalankuwa ko don ajo, sai ya nemi yardar hakimi ko dagaci, sau da yawa ta hannun sarkin makaɗa ko sarkin samari. A zamanin En'e wannan yarda ta koma takarda, 'yan doka kuma suna da ikon tashin wasan da ba shi da ita. Abin lura a nan shi ne, izinin na kiɗa ne tsantsa, ba a haɗa shi da wani ciniki ba.

3.0 Yadda Kiɗa Ya Shiga Inuwar Lasin Giya

Turawan mulkin mallaka sun shigo da wani tsari na daban. Bisa yarjejeniyar Birasels ta 1890, an sa Arewacin Nijeriya cikin yankunan da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turawa, kuma dokar giya ta 1917 ta raba ƙasar zuwa wuraren da aka haramta da wuraren da ake ba da lasin. Daga baya Final Kot, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya. Sakamakon haka shi ne giya ta tattara a bayan ganuwa, watau a sabon gari da bariki da unguwannin tasha, inda ikon sarki bai cika kaiwa ba.

A irin waɗannan unguwanni ne gidan magajiya, daga baya kuma otal da kulob, suka zama dandalin da ake iya kwana ana kiɗa ba tare da an je neman izinin hakimi kowane dare ba. Mai otal yana da takardarsa, makaɗi kuma ya fake a ƙarƙashinta. Mai otal yana bukatar makaɗi don ya riƙe masa masu ciniki, makaɗi yana bukatar mai otal don ya sami rufin asiri da wutar lantarki da lasifika. Arzikin man fetur na shekarun 1970, da kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975, sun ƙara yawan waɗannan wurare da masu zuwa cikinsu. Goge da kukuma, waɗanda dama ake dangantawa da bori da matan da ke zaman kansu, su ne suka fi samun gindin zama. Ibrahim Na Habu da Hassan Wayam da Garba Supa da Ahmadu Doka duk sun shahara da kukuma, kuma matasan da suka fita cin rani daga garuruwa irin su Katanga a birane suka ji wannan kiɗa, suka komo gida da shi a baki, daga baya kuma a kaset.

4.0 Tasirin Dandalin a Kan Waƙa

Idan muka ɗora waƙar fada da waƙar dandalin dare a kan faifai ɗaya, za mu ga bambance-bambance guda huɗu.

Na farko, yawan iyayen gida. Ibrahim Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi yana da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Aliyu Ɗandawo yana da fadar Yawuri. Makaɗin fada yana da sararin da zai zauna da yaransa ya tsara waƙa, ya jero asali da nasaba, ya yi zambo ga 'yan sarki masu jiran gado. Makaɗin otal kuwa ubangidansa shi ne duk wanda ya miƙe da kuɗi a hannu, kuma a dare ɗaya za su iya kai ashirin. Saboda haka ɗiyan waƙarsa gajeru ne, kowane ɗa yana ɗauke da suna ɗaya da kirari ɗaya, ana iya cire shi a sa wani ba tare da waƙar ta rushe ba.

Na biyu, nauyin da ke kan amshi. Tun da ɗiyan suna sauyawa daga dare zuwa dare, gindin waƙa da karin kiɗa su ne kaɗai abin da ke tabbata. Manazarcin da ya rubuta irin wannan waƙa a takarda, ya ga maimaici ya yi yawa, ya yanke hukuncin cewa makaɗin ba shi da zurfin tunani, ya auna ta ne da mudun fada. Maimaicin nan shi ne yake ba masu rawa damar shiga fili, shi ne kuma yake ba makaɗi lokacin da sanƙira zai raɗa masa sunan wanda ya shigo.

Na uku, jigo. Fada tana son jaruntaka da asali da riƙon addini. Dandalin dare kuwa ya buɗe ƙofa ga batutuwan da fada ba ta ɗauka: soyayya, da kishi, da zaman bariki, da direbobi da 'yan kamasho, da talauci bayan wadata. Waƙar da Mamman Shata ya yi a kan masu shan abin da ya sakaya da sunan ruwa ta isa misali. An daɗe ana yi mata karatu iri biyu, wasu na cewa halatta sha ya yi, wasu na cewa gugar zana ce. A ganinmu ba za a warware wannan ba sai an tuna cewa a gaban mashayan ake rera ta, kuma gwanintar Shata ita ce ya faɗi maganar da mashayi zai yi kari a kanta, mai wucewa kuma ya ji ta a matsayin tonon asiri.

Na huɗu, harshe. Narambaɗa da Ɗandawo sun riƙe Sakkwatanci da tsofaffin kalmomin sarauta. Makaɗin bariki yana waƙa ne ga taron da ya haɗa Bakano da Bazazzagi da Banufe da Bayarabe, don haka Hausarsa mai sauƙi ce, cike da kalmomin aro na mota da ofis da soja.

Wannan yanki ya ba mu misalin da ya fi kowane fito da batun fili, watau Muhammadu Gambu na Fagada, mai waƙar ɓarayi, wanda ya rasu a 2016, wanda kuma Aliyu Muhammad Bunza ya yi nazari mai zurfi a kansa. Iyayen gidan Gambu mutane ne da ba su iya bayyana kansu da rana, kuma babu hukumar da za ta ba da takardar taron ɓarayi da sunansa. Wannan hali shi ya haifar da salonsa: laƙabi a madadin suna, da zaurance, da labari mai tsawo wanda mai shi kaɗai zai gane kansa a ciki, da yawan kare kai da makaɗin yake yi cewa shi kiɗa yake yi, ba sata ba. Wanda ya karanta matanin waƙoƙin Gambu bai san matsayin dandalinsu a idon hukuma ba, zai ɗauki wannan sakayawa ado ce kawai, alhali kuwa garkuwa ce.

5.0 Bayan Shekarar 2000

An ƙirƙiro Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato a 1991, kuma a ƙarshen shekarar 2000 ta bi sahun Zamfara wajen aiwatar da shari'ar Musulunci a fannin laifuffuka. Tsarin mulkin 1999 ya sa ba da lasin giya da kula da cinikinta cikin ayyukan ƙananan hukumomi, to amma a garuruwan Musulmi na wannan yanki batun ba da irin wannan lasin bai ma taso ba. Ba mu zo nan don mu yi kukan rufe mashaya ba. Waɗanda suka yi maƙwabtaka da irin waɗannan gidaje sun san abin da suka sha na hayaniya har asuba, da faɗace-faɗace, da lalacewar yara, kuma addinin jama'a ya yi hani da abin da ake sayarwa a ciki.

Abin da ya dame mu shi ne, da yake kiɗan dare ya shafe shekaru masu yawa yana fake a inuwar lasin giya, da aka sare itacen sai aka bar makaɗi a rana. Tsohon izinin hakimi ya raunana tun bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sabon tsari kuma bai tanadi takardar da ta keɓanta ga wasa ba a yadda kowa zai san sharuɗɗanta. Makaɗi ya rasa sanin abin da aka hana da abin da aka bari, sai ya dogara da ra'ayin wanda ke bakin aiki a ranar. Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001, wadda ikonta ya shafi mawaƙa, amma ita ma ta fi mai da hankali ga abin da aka faɗa a waƙa.

Illar wannan ga adabi a bayyane take. Kukuma da goge sana'o'i ne da ake koyo ta hanyar bin maigida dare bayan dare, yaro ya fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, kafin ya riƙe izga. Idan babu dandali na kullum, babu makaranta. Waƙa ta koma situdiyo, inda fiyano da kwamfuta suka maye gurbin 'yan amshi, ta kuma koma dandalin siyasa, inda ubangida ya sake zama ɗaya kamar a fada. Fasahar ƙirƙira nan take a gaban taro, wadda muka bayyana a sama, ita ce ta fi shan wahala.

6.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa gajertar ɗiya, da ƙarfin amshi, da faɗin jigo, da sauƙin harshe a waƙoƙin makaɗan dare duk sun samo asali ne daga wurin da ake rera su da kuma irin izinin da wurin yake da shi. Bisa wannan muna ba da shawarwari uku.

Da farko, duk ɗalibin da zai rubuta waƙar baka don nazari, a wajabta masa ya faɗi inda aka rera ta, da lokacin, da irin mutanen da ke wurin, domin waƙar da aka ɗauka a gidan rediyo ba ɗaya take da wadda aka ɗauka a fili ba, ko da amshinsu ɗaya ne.

Na biyu, sassan Hausa na kwalejojin ilimi da jami'o'i su hanzarta tattara bayanai daga bakin tsofaffin makaɗa da 'yan amshi da sanƙirori da suka rage a Jega da Aliero da Maiyama da ƙauyukansu, tun suna da rai.

Na uku, ƙananan hukumomi, tare da shawarar sarakuna da malamai, su raba izinin wasa da batun giya kwata-kwata, su fito da takarda mai sharuɗɗa bayyanannu: wurin da za a yi, da lokacin tashi, da iyakar ƙarar lasifika, da nisa daga masallaci da makaranta da asibiti, da haramcin kayan maye a filin. Kakanninmu a wannan masarauta sun san yadda ake ba da izinin kiɗa ba tare da kwalba a gefe ba, kuma muna ganin babu abin da zai hana a koma ga wannan tsari. Muna fatan mahalarta wannan taro za su auna waɗannan ra'ayoyi da abin da suka sani a nasu yankunan.