Farautar 'yan Nazi a littafi: wa ya buɗe musu ƙofa?

Littattafan tarihi masu kasuwa a kan 'yan Nazi da suka tsere bayan 1945 kusan salo ɗaya suke bi: jami'an leƙen asiri, sunan ƙarya, mota a bakin hanya da daddare. Kamun Adolf Eichmann a gefen birnin Buenos Aires a watan Mayun 1960 shi ne labarin da kowa ke son bayarwa, tun daga Isser Harel, shugaban Mossad, hukumar leƙen asirin Isra'ila, na lokacin, har zuwa Neal Bascomb a 2009. Suna da daɗin karatu, ban musa ba. Damuwata ita ce mai karatu yakan rufe littafin yana zaton mutanen nan wayo suka yi har duniya ta neme su ta rasa.

Da yawansu ko ɓuya ba su yi ba. Franz Stangl, wanda ya shugabanci sansanin kisan Treblinka, da sunansa na yanka yake aiki a kamfanin Volkswagen a Brazil har aka kama shi a 1967. Klaus Barbie, wanda ya azabtar da mutane a Lyon, sojojin Amurka ne suka ɗauke shi aiki, su ne kuma suka share masa hanya zuwa Bolibiya a 1951, har sai da Amurka ta nemi afuwar Faransa a 1983. Eichmann kansa, tun 1952 hukumar leƙen asirin Jamus ta Yamma ta san yana Ajantina, ta kama bakinta.

Shi ya sa Fritz Bauer ya fi tsaya mini a rai. Shi ne babban mai gabatar da ƙara a jihar Hesse, Bayahude ne da ya dawo gida daga gudun hijira. Da labarin Eichmann ya iso masa daga Lothar Hermann, wani makaho mazaunin Ajantina, a ɓoye ya kai wa Isra'ila a 1957, domin yana tsoron abokan aikinsa, waɗanda da yawansu sun yi wa Hitler aiki, su tsegunta wa mai laifin. Mai gabatar da ƙara yana ɓoye shaida daga ma'aikatar shari'ar ƙasarsa! Wannan ya cancanci babi guda cur, amma sau da yawa shafuka kaɗan ake ba shi kafin a koma kan daren kamu.

Ina son marubutan nan su zauna a kan fayilolin da aka rufe da gangan, da takardun tafiya na Red Cross, da limamai irin su Bishop Alois Hudal a Roma da suka taimaka wa 'yan Nazi tserewa. Da takardar tafiya ta Red Cross ɗan Nazin nan Josef Mengele ya isa Kudancin Amurka, ya mutu yana iyo a tekun Brazil a 1979, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba.