Wa Ya Dafa Abincin?

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma 'yar'uwa, akwai inda ganin yake korar abin da ya fi shi amfani, musamman wajen littattafan yara da ake mayarwa fim. Yau a gidaje da yawa yaro ya san Harry Potter, ya san tabon goshinsa da tabaransa da tsintsiyar da yake hawa ya tashi sama, alhali kuwa bai taɓa buɗe littafin ba. Uwa kuma gani take ai duk ɗaya ne, wanda ya kalla ya huta da karatu. To ba ɗaya ba ne fa, kuma abin da aka zubar a tsakani mu mata ya fi shafa.

Wata Baturiyar Ingila ce mai suna J.K. Rowling ta rubuta labarin, littafi bakwai, na farko ya fito a 1997, na ƙarshe a 2007. Kamfanin Warner Bros ya mayar da su fim guda takwas daga 2001 zuwa 2011, don littafin ƙarshe gida biyu aka raba shi. Labarin wani maraya ne, Hari, da aka kai shi makarantar kwana ta koyon tsafi mai suna Hogwats, ya yi abokai biyu, Ron da Hamayoni, yana fama da mugun da ya kashe masa iyaye, wato Boldamot. Tatsuniya ce dai irin tasu, kamar yadda tamu take da Dodo da aljanu da Gizo.

Gaskiya ɗaya ce, masu fim ɗin sun yi aiki. Sun gina makarantar yadda in kin gan ta sai ki rantse akwai ta, da matattakala mai juyawa da hotunan bango masu magana. Kiɗan da John Williams ya tsara kuwa ko daga ɗaki kika jiyo shi kin san abin da yara suka kunna. Matar da ta fito a muguwar malama Ambirij, wato Imelda Staunton, ta iya murmushin mugunta har sai kin ji kamar ki shiga akwatin ki mare ta. Duk abin da ido zai gani ya ce kai, sun kawo shi.

Matsalar tana wajen lokaci. Littafin farko a bugun Ingila shafi 223 ne, aka ba shi minti 152 a fim. Littafi na biyar, wanda ya fi kowanne kauri, shafi 766 ne, amma minti 138 kawai ya samu. Kin ga ke nan dole a yi yanka. Ba yankan ne abin zargi ba, tunda ba a zuba ruwan randa a moɗa. Abin dubawa shi ne, da aka zo yankan, me aka zaɓa aka zubar?

Mu fara da abinci. A fim, yara suna zaune a babban zaure sai kawai ki ga tebura sun cika da kaji da dankali da kayan zaƙi, babu hayaƙi babu wanke-wanke. A littafi na huɗu, wanda ya fito a 2000, marubuciyar ta tona asirin. Ashe a ƙarƙashin zauren akwai wani ƙaton kicin, cikinsa wasu 'yan ƙananan halittu ne masu manyan kunnuwa, sun fi ɗari, su ke girki, su ke shara, su ke hura wuta, ba albashi, ba hutu, kuma gwanintarsu ita ce kada a gan su. Ranar da Hamayoni ta ji haka sai ta ture farantinta ta ƙi ƙarasa cin abincin. Daga baya har ƙungiya ta kafa don nema musu haƙƙi, abokanta suna yi mata dariya, ba ta fasa ba.

A cikin halittun nan akwai wata mai suna Winki, wadda ta ƙare rayuwarta tana bauta wa gidan wani babban ma'aikacin hukuma. Rana ɗaya ya kore ta a gaban jama'a don ya tsare mutuncin kansa, ita kuwa saboda baƙin ciki ta koma shaye-shaye a gefen murhu, tana kuka tana kare sunan wanda ya wulaƙanta ta. Fim na huɗu da ya fito a 2005 bai nuna Winki ba, bai nuna kicin ba, bai nuna ƙungiyar Hamayoni ba. Ya nuna dodo mai aman wuta, ya nuna rawar dare da kwalliya. Yanzu don Allah, ke da kike tashi tun asuba ki hura gawayi, a ci a tashi ba ko sannu, wane darasi kika fi so ɗanki ya ɗauka? Kuma mu da muke da 'yan aiki a gidajenmu, labarin Winki hannunka mai sanda ne gare mu, ba ga yara kaɗai ba.

Na biyu, mahaifiyar Nebil. Nebil wani yaro ne ɗan ajinsu Hari, mai mantuwa, mai tsoro, kakarsa ke riƙonsa. A littafi na biyar su Hari sun je asibiti dubiya lokacin hutun Kirsimeti, sai suka yi kiciɓis da shi a ɗakin waɗanda ba a sa ran warkewarsu. Ashe iyayensa suna nan da rai, mugaye ne suka azabtar da su tun yana jariri har hankalinsu ya gushe. Uwar ta taso a hankali da rigar barci, ba ta magana, ta miƙa masa takardar cingam wadda babu komai a ciki. Kakar ta ce ya jefa a kwandon shara. Shi kuwa ya faki ido ya sa a aljihu. Iyakar abin ke nan, amma wallahi duk littattafan bakwai babu wurin da ya fi wannan taɓa zuciya. A fim na 2007 sai aka tsayar da Nebil gaban wani hoto ya ba Hari labarin iyayensa a 'yan kalmomi, aka wuce. An ba mu labari, an hana mu uwar.

Na uku, Moli, mahaifiyar Ron, mai 'ya'ya bakwai, shida maza ɗaya mace, ga talauci ga yawan baki, amma ta haɗa da Hari ta riƙe kamar ita ta haife shi. A littafi na biyar ɗin dai, ta shiga wani ɗaki ita kaɗai don ta kori wani dodo mai rikiɗa, wanda yake zama duk abin da mutum ya fi tsoro. Me ya zame mata? Gawar Ron. Ta sake gwadawa, ya zama gawar wani ɗan, ya zama gawar mijinta, ya zama gawar Hari. Nan ta durƙushe tana kuka, tana roƙon kada a gaya wa maigidan. Duk uwar da ta taɓa kwana ido biyu don yaro bai dawo ba ta san wannan ɗakin. Fim ya tsallake shi. Amma da aka zo fim na ƙarshe a 2011, an nuna Moli tana gwabzawa da muguwar nan Belatiris har ta halaka ta. Wato faɗan uwa abin kallo ne, fargabarta kuwa ɓata lokaci. Alhali wanda bai ga kukan ba, ba zai san daga inda ƙarfin faɗan ya fito ba.

Na huɗu ya fi duka nauyi, mahaifiyar shi kansa mugun. Littafi na shida, na 2005, ya ba da labarinta. Sunanta Merofi, ta tashi a hannun uba da wa masu duka da zagi, ba ta san daɗi ba. Ta ƙyalla ido ta ga wani kyakkyawan saurayi ɗan masu kuɗi, ta san ba zai dube ta ba, sai ta bi ta hanyar asiri, abin da mu nan muke kira mallaka. Ya aure ta ba cikin hayyacinsa ba. Da asirin ya sake shi sai ya tafi ya bar ta da ciki. Ta sayar da sarƙar gadonsu a wulaƙance don yunwa, ta haihu a gidan marayu a Landan a daren ƙarshen shekara, ba ta yi awa ɗaya ba ta cika. Yaron nan shi ne ya zama Boldamot. Fim na 2009 ya nuna shi a gidan marayun, amma bai nuna Merofi ba. Mai kallo sai ya ɗauka mugun haka kawai ya faɗo daga sama. Mai karatu kuwa ya san a gidan da babu tausayi aka shuka shi, kuma ya ga ƙarshen son da aka ƙulla da asiri. 'Yan mata, wannan babin naku ne.

Wata za ta ce ai fim bai manta da uwaye ba. Haka ne. An nuna Lili, mahaifiyar Hari, ta tare mutuwa da jikinta don ɗanta, kuma an nuna Narsisa ta yi wa Boldamot ƙarya ido da ido saboda nata ɗan. Amma ki lura, waɗannan duk wurare ne na tashin hankali. Kyamara tana son abin da ke motsi, tana son wuta da gudu da ƙara. Haƙuri ba ya ƙara. Girki da jinya da zullumi ba sa ɗaukar ido, shi ya sa su ne farkon shiga kwandon mai yanka, kamar dai yadda suke farkon abin da ake mantawa a cikin gida. A 2023 kamfanin ya sanar zai sake shirya labarin a matsayin shirin talabijin mai dogon zango. Lokaci dai zai samu a nan, saura mu ga ko idon ya canza.

Saboda haka ba cewa nake a hana yara kallo ba. Su kalla, fim ɗin ya yi kyau. Amma kada mu yarda kallon ya zama madadin karatu. In da hali a nemo musu littafin, mai Turanci a gidan ta karanta ta ba ƙannenta da Hausa bayan sallar isha, yadda kakanninmu suke yi mana gatanan gatananku. In kuma babu hali, to ga labarin mata huɗu nan kin ji, ki ba su da bakinki.

Kuma ran da kika ga sun zuba ido tebura suna cika da kaji ba mai kawowa, ki rage ƙarar akwatin ki tambaye su, wa ya dafa? In suka ce tsafi ne, ki ce a'a, akwai masu tsayuwa a gaban wuta, ba a dai nuna su ba ne. Yaron da ya koyi yin wannan tambayar a gaban fim, wata rana zai yi ta a gaban kwanon tuwonsa.