Hannun da ke shiga ciki karo na biyu

Duk wanda ya taɓa kai majinyaci wurin masu ɗorin Aliero ya san sabuwar karaya ba ta kai ƙashin da ya haɗe a karkace wuya ba. Da wannan idon nake kallon likitan da ke sake yi wa mutum tiyatar rage ƙiba.

A Jega ko Maiyama, mai teɓa har yanzu "ya ji daɗi" ake ce masa, sai ciwon suga da hawan jini sun kama shi. Idan magani da rage ci suka gaza, akan kai ga wuƙa. Salon da aka fi yi yanzu shi ne a cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar shi siriri kamar hannun riga. Bayan shekaru, na wasu yakan sake buɗewa, ƙiba ta dawo. Wasu kuma ƙwannafi ke hana su barci.

A nan gwani ke fitowa. Cikin da aka taɓa yanka ba ya zama yadda littafi ya zana shi. Tabo ya manne tumbi da hanta, ga saifa a gefe, wadda ƙwarzane kaɗan ke sa ta zubar da jini. Ta 'yan ƙananan huji likitan yake aiki, idonsa a kan allon kyamara, yana ɓamɓare naman a hankali kamar mai ɓare busasshiyar albasa. Inda tabo ya yi kauri, sai ya sauya girman ƙusoshin ɗinki, don wurin da jini bai wadata ba shi ke yoyo. Daga nan ya ware aljihu kamar ƙwai a saman tumbi, ya haɗa shi da ƙaramin hanji, dabarar da ta samo asali daga aikin Dakta Edward Mason na Iowa, Amurka, a 1966.

Ƙwannafi yakan lafa ga yawancin mutane. Nauyin da ake saukewa kuwa bai cika kai na karon farko ba, haɗarin kuma ya fi yawa, ga shan bitamin B12 da maganin ƙarin jini har ƙarshen rai. Abin da ya fi burge ni, likitan kirki yakan faɗi duk wannan tun kafin a shiga ɗakin fiɗa. Yakan zura kyamara ta baki ya duba tumbin, ya tambayi abin da ake ci dare da rana. Wani lokaci ya ce, "Alhaji, tumbinka lafiya lau yake, mu fara da kwanon tuwo da lemon kwalba."