Kalmomin Da Ke Rufe Ido

Ku 'yan makaranta na Kankiya da Kusada, ku ne kan karanta wa iyayenku labarin da ya zo a jarida ko a waya, saboda haka ya kamata ku san dabarun masu rubuta shi.

A watan Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam ne edita. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne a kashe ƙarairayin da ke yawo, irin na cewa wai Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Wannan ƙarya ce tsirara, kamunta ba wuya. Wadda ta fi ta haɗari ita ce mai sanye da rigar gaskiya.

Dubi 'yar kalman nan "an". In gwamnati ta gina rijiya, sai ka ji sunan gwamna da na kwamishina, har da na mai yanka ƙyalle. In kuwa kuɗin rijiyar ya salwanta, sai a rubuta "an samu matsala". Wa ya same ta? Shiru. Nahawu bai yi laifi ba, marubucin ne ya ɓoye mai aikin a bayan "an", kamar mai ɓoye akuyar sata a rumbu.

Wadda ta fi damuna ita ce "tubabbu". A 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan bindiga, masu labarai suka shiga kiransu tubabbu. Tuba kuwa kalma ce mai nauyi ga Musulmi da Kirista duka, tana da sharuɗɗa, watau nadama, da barin laifi, da mayar da haƙƙi. Manomin da aka kore wa shanu, in ya ji ta, sai ya ji nauyin tambayar ina shanunsa. A 2020 gwamnan da kansa ya ce sun ci amana, amma kafin nan kalmar ta riga ta yi aikinta.

Laƙabi ma haka. Da PRP ta rabu, sai ga 'yan taɓo da 'yan santsi, suna ya maye gurbin hujja. Magadansu su ne sojojin baka na gidajen rediyo.

Kankiya da Ingawa da Kusada kujera ɗaya gare su a Majalisar Wakilai. In zaɓe ya ƙarato za ku ji "majiya mai tushe ta ce", ko "jama'ar Kusada sun yi mubaya'a". Ku tambaya, wace majiya? Mutum nawa, a wace unguwa, kuma wa ya ƙidaya su?