Hanyar da Ba a Bi Ba a Labaran Narniya

Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce. Marubucin almara kuwa yana da ikon da sauran mutane ba su da shi, gama yana iya juya kan mai karatu ya ga abin da zai faru da an bi wata hanya. C. S. Lewis na Birtaniya, wanda ya fitar da littattafan Narniya guda 7 daga 1950 zuwa 1956, ya yi amfani da wannan iko da tsantseni.

A cikin Prince Caspian (1951), yarinya Lucy ta hangi zakin nan Aslan a bakin kwazazzabo yana nuna musu hanya. 'Yan'uwanta ba su gan shi ba, sai ta bi ra'ayin masu rinjaye. Suka ɓata yini guda, har suka faɗa hannun maharban abokan gaba, da ƙyar suka tsira. Da ta sadu da Aslan da dare, ta tambaye shi ko da ta bi shi ita kaɗai al'amarin zai yi kyau. Ya ƙi faɗa mata, ya umarce ta ta je ta tashe su yanzu. Amsar da ta nema ba za ta ƙara mata kome ba sai nadama.

A cikin The Magician's Nephew (1955) kuwa an buɗe ƙofar. An aiki Digory ya tsinko tuffa daga wani lambu. Mayya Jadis ta zuga shi ya sace ta domin uwarsa da ke bakin mutuwa, ya ƙi. Bayan ya cika aiken ne Aslan ya bayyana masa cewa tuffar sata za ta warkar da uwar, amma wata rana su biyun za su gwammace da ta mutu. Ita Jadis ta riga ta ci tata, ta sami rai marar iyaka tare da baƙin ciki marar iyaka. Ta zama madubin abin da Digory ya kuɓuce wa.

Wannan dabara tana da rauni guda: Aslan ne yake faɗa, mai karatu sai dai ya karɓa. Abokin Lewis, J. R. R. Tolkien, ya fi shi a nan. A cikin The Two Towers (1954), Gollum ya tarar da Frodo da Sam suna barci, zuciyarsa ta yi sanyi, ya taɓa gwiwar Frodo a hankali. Sam ya farka ya daka masa tsawa, tubar da ta kusa ta wuce. Ba wanda ya yi bayani a cikin labarin, mai karatu da kansa yake auna abin da kalma mai taushi za ta iya cetowa.

Duk da haka marubutan biyu sun yarda a kan abu ɗaya. In labari bai nuna akwai wata hanya ba, zaɓin jarumi ba shi da nauyi, biyayyarsa kuma ba ta cancanci yabo ba.